Corolla, Camry, Accord ko 406: Wacce Magidanci Zai Iya Riƙewa?

Duk magidancin da ya tara kuɗin motar iyali a yau, in ba mai hali ba ne ƙwarai, da ya shiga wurin dillalai zai ga zaɓinsa ya tsaya kan motoci huɗu: Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, Toyota Camry ƙirar 2002 zuwa 2006 wadda ake kira Big Daddy, Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2007 wadda aka fi sani da EOD, sai kuma Peugeot 406. Dukkansu sun kai shekara 20 ko sun kusa. Mota mai irin waɗannan shekaru dole ta riƙa neman gyara, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Don haka tambayar da ta kamata mutum ya yi wa kansa ita ce: gyaran wacce zan iya ɗauka, a garin da nake zaune, da abin da nake samu a wata?

Abin da za a auna su da shi

Na farko kuɗin saye, da abin da za ka samu ranar da ka so rabuwa da ita. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin mota ke tafiya da dala, abin da dillali ya faɗa maka yau ba shi zai faɗa bayan wata biyu ba. Saboda haka zan gwama su ne da junansu, wacce ta fi tsada wacce ta fi sauƙi, domin wannan jerin bai cika canzawa ba.

Na biyu shan mai. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Bambancin kilomita biyu a kowace lita, wanda a da ba a damu da shi ba, yanzu yana iya zama kuɗin makarantar yaro a shekara.

Na uku kayan gyara da mai gyaran. Mazaunin Kano yana da Kofar Ruwa, na Kaduna yana da Panteka, na Abuja yana da Apo, kusan komai za su samu. Wanda yake zaune a ƙaramar hukumar da ke nesa da waɗannan kasuwanni lissafinsa daban ne. Kayan kuma kashi uku ne: sabo na kamfani, na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo mai araha wanda kwalinsa ya fi shi kyau.

Na huɗu haƙuri da sakaci. Wata motar in ka makara da juye wata guda za ta yafe maka, wata kuwa sai ta rama.

Na biyar, kuma a wurina shi ne mafi nauyi, babbar ɓarnar da kowacce ta yi suna da ita: irin wadda ke cinye kuɗin da ya kai rabin darajar motar, ko ta jefa rayukan iyali cikin haɗari a kan babbar hanya.

Sabis ɗin da ya hau kan dukkansu

Kafin a rarrabe su, akwai abin da babu wadda za ta ɗauke maka. Juye, wato bakin mai da filtarsa, a kowane kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. A lura cewa Toyota da Honda da aka shigo da su daga Amurka agogonsu da mil yake ƙirga, kuma kilomita 5,000 kusan mil 3,000 ne. Mutane da yawa suna kallon lambar suna zaton kilomita ce, sai su zarce lokacin juye da nisa ba su sani ba. Filtar iska a cire a duba ta duk juye, a lokacin hunturu kuma a sauya ta ko da wa'adinta bai yi ba, don ƙurar da ta wuce filta cikin silinda take shiga tana cin rin. Man birki a sauya shi duk shekara biyu zuwa uku saboda yana jan danshi. Taya kuma a karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa tana iya fashewa a zafin watan Afrilu ko da zanenta bai cinye ba.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ke kashe yawancin injinan nan a ƙasarmu. Al'ada ta yaɗu ta cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai motar an yi ta ne don ƙasar sanyi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. An tsara injinan ne su yi aiki a wani zafi ƙayyadadde. In inji bai kai wannan zafin ba, birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, zai ɗauka har yanzu motar ba ta ɗumama ba, ya ci gaba da zuba mai fiye da kima, filogi ya yi baƙi, fetur ya wanke bakin man da ke jikin silinda. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci. A nemo dalilin a gyara. Kuma a daina ɗura ruwan rijiya a lagireto, yana barin gishiri da tsatsa a hanyoyin ruwa. A sa ruwan sanyaya inji na gaske, ja ko ruwan hoda ga Toyota, shuɗi ga Honda.

Toyota Corolla

Ita ce mafi ƙanƙanta a cikin huɗun kuma ita ce mafi tsada, abin da ke ba wa sabon mai saye mamaki. Dalilin a fili yake: kowa na sonta, 'yan haya na sonta, kuma ranar da ka sa ta a kasuwa ba ta kwana. Injinta na Amurka 1ZZ-FE ne mai lita 1.8, da sarƙar taimin, wadda in ana juye a kan kari tana iya kai ƙarshen rayuwar injin ba a taɓa ta ba. Wadda ta zo daga Turai yawanci lita 1.4 ce ko 1.6, sau da yawa da giyar hannu. A gwajin hukumar Amurka, otomatik ɗinta tana sabuwa tana yin kusan kilomita 12 a lita ɗaya in an haɗa gari da hanya. Tankinta lita 50.

Cututtukanta ƙanana ne. In fitilar cek ta kama, na'urar bincike ta nuna lambar P0171, motar kuma tana rawa da safe, abu biyu ake fara dubawa: sensar iska da ta yi ƙura, ko gasket ɗin bututun shigar iska da ya saki. Duk biyun aikin awa ɗaya ne. Yoyon bakin mai ta bayan inji, ɓangaren bel, yawanci zoben robar abin ɗaure sarƙa ne. Wasu injinan suna shan bakin mai, don haka sandar auna mai a ciro ta duk mako. A shekarar 2010 kamfanin ya yi kiranye, wato ya nemi a mayar masa da motoci don gyara, na Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 fiye da miliyan ɗaya a Amurka saboda birenbos da ke tsagewa a ciki, motar ta mutu tana tafiya ko ta ƙi tashi. Wanda tasa ke yin haka ya tuna da wannan kafin a sa shi sauya fil famfo sau biyu.

Aibinta na gaske guda biyu ne. Kujerar baya ta yi wa manya uku kaɗan, tafiyar Kano zuwa Maiduguri a cikinta da cikakken iyali wahala ce. Sannan farin jininta ya sa ta zama abin harin ɓarayi, ya kuma sa ake gyara wadda ta sha haya ko ta yi mummunan haɗari, a fesa mata fenti a sayar da tsadar mai lafiya.

Toyota Camry

Big Daddy ta fi Corolla faɗi nesa ba kusa ba, ta fi ta laushi a hanya, but ɗinta kuma yana ɗaukar kayan tafiyar salla gaba ɗaya. Kuɗinta bai kai na Corolla mai irin lafiyarta ba. Mai silinda huɗu injinta 2AZ-FE ne mai lita 2.4, shi ma da sarƙa. Tana yin kamar kilomita 10 a lita a gwaji irin na sama, tankinta lita 70. Kayanta sun cika kasuwa, kuma duk bakaniken da ya iya Corolla ya iya ta.

Amma wannan injin yana da rauni guda da ya kamata kowa ya sani. Jikinsa alminiyam ne, kuma zaren ramukan da ƙusoshin kan inji ke shiga yana iya kwancewa, musamman na bayan inji, musamman kuma in motar ta taɓa yin zafi. Alamarsa ruwa ya riƙa raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ka ji ƙarar gudun ruwa a bayan dashbod, ko ka ga danshi a bayan inji ƙarƙashin bututun iska. Bakaniken da bai san matsalar ba zai sauya gasket ya ɗaure, bayan 'yan makonni ka dawo da cuta iri ɗaya, domin ƙusar ba ta da abin kamawa. Gyaran gaskiya shi ne a huda ramukan a dasa musu sabon zare na ƙarfe, ko a sauya injin. Wannan ya sa nake cewa mai Camry ya riƙa kallon allurar zafi kamar yadda yake kallon ta mai. Da ta wuce rabi, ya tsaya ya kashe.

Sauran ƙananan abubuwa ne: abin riƙe inji na sama yana yagewa ka ji gif in ka sa giya, sitiyari kan yi ƙwas-ƙwas a kan gargada, shokozoba na gajiya. Man giyarta T-IV ne kamar na Corolla. Wadda ta biyo bayanta, ƙirar 2007 zuwa 2009, injinta ya fi yin suna wajen shan bakin mai, don haka sabunta a nan ba ita ce lafiya ba.

Honda Accord

EOD ce ta fi daɗin tuƙi a cikin 'yan Japan ɗin nan uku. Tana da ƙarfi, tana kama hanya a kwana, kuma kuɗinta ya ɗan gaza na Camry. Injin K24 mai lita 2.4 inji ne nagari ƙwarai, da sarƙa, mai ƙarfin doki 160. Shan manta kusan ɗaya da na Camry, tanki lita 65. Sai dai ita ba ta yafe wa mai sakaci, kuma wurare uku take kama mutum.

Na ɗaya giyabos. Ba ya karɓar kowane mai. Na kamfani shi ne ATF-Z1, wanda daga baya aka maye gurbinsa da DW-1. In aka zuba masa jan man da ake sayarwa a galan ba suna, zai fara fizga, daga nan ya riƙa zamewa tsakanin giya ta biyu da ta uku. Yadda ake yi masa shi ne a kwance a tsiyaye, abin da zai fito kusan lita 3 ne, a mayar da sabo daidai wannan, ba a wanke shi da injin matsi. Man sitiyarinta ma nata ne na musamman, wanda ya zuba man giya a ciki zai ji famfo ya fara kuka. Masu V6, wato injin silinda shida, na 2003 da 2004 su suka fi ɓata wa wannan ƙira suna, har kamfanin ya yi musu kiranye a 2004 saboda giya ta biyu da ke yin zafi.

Na biyu ƙafar gaba. Duk wanda ke bin titunanmu ya taɓa ganin Honda a tsakiyar hanya tayar gaba ta karye ta kwanta. Ba tsafi ba ne kuma ba ƙaddarar Honda ba ce kawai. Ƙirar ƙafarta ta sa nauyin gaban motar yana kan bol join na ƙasa, wato mahaɗin da ke riƙe ƙafar taya. In robarsa ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ya cinye har ya zare. Kafin ya zare yana gargaɗi: ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa in ka juya sitiyari, ko sitiyarin ya yi tauri ya ƙi dawowa da kansa. A ɗaga motar a duba shi duk juye, kuma a nan ne ba a neman araha. Bol join na jabu yana iya zarewa cikin watanni. A gudun kilomita 100 a hanyar Zariya da yara a baya, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma shi ya sa ba na ba wa wanda na san ba ya zuwa gareji sai mota ta tsaya shawarar sayen EOD.

Na uku bakin mai. Littafinta 5W-20 ya ce. Injin yana amfani da matsin mai wajen sarrafa bawul, ta wasu 'yan ƙananan raga da ke toshewa in man ya yi kauri ko ya yi datti. Zuba mata 20W-50 don wai ta tsufa, tare da jinkirin juye, shi ke kawo ƙarar sarƙa da safe, daga baya sarƙar ta miƙe. Hasken allon rediyo da na'urar sanyi yana mutuwa a ƙirar 2003 da 2004, amma wannan kwalliya ce, ba ya hana tafiya.

Akwai abin da ya haɗa ta da Corolla wanda ba a cika faɗa a wurin ciniki ba. Dukkansu suna cikin motocin da kiranyen jakar iska ta kamfanin Takata ya shafa. Abin hura jakar yana iya fashewa ya watso ƙarfe a fuskar mutum, kuma zafi da danshi na shekaru su ke ƙara haɗarin. Motar da ta fito daga Amurka ana iya sa lambar shasinta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, a ga ko an sauya mata.

Peugeot 406

A Arewa 406 'yar gida ce. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma 406 ta yi zamaninta a matsayin motar ma'aikatun gwamnati. A Faransa an yi ta daga 1995 zuwa 2004. Ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin huɗun, kuma a doguwar hanya babu wadda ta kai ta zama daram. Wanda ya saba da ita a hanyar Kaduna zuwa Abuja ba ya son jin an kushe ta, kuma yana da hujja.

Bambancinta na farko shi ne dukkan injinanta bel ɗin taimin suke da shi. In ya tsinke mota na tafiya, fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. A zafinmu da ƙurarmu ina ganin kada a wuce kilomita 60,000 ko shekara huɗu, kuma a sauya shi tare da abin ɗaurinsa da famfon ruwa a zama ɗaya. Wanda ya sayi 406 bai ga shaidar ranar da aka sauya bel ba, ya sauya a makon farko.

Na biyu giya. Mai giyar hannu ba ta da wata damuwa sai kulochi in ya cinye. Otomatik mai silinda huɗu kuwa yawanci giyabos ɗin AL4 take da shi, kuma shi ne ya sa mutane da yawa suka rantse ba su ƙara sayen Fijo. Alamarsa ka ji ya buga da ƙarfi, ya maƙale a giya ta uku, in ka kashe ka kunna ya saki na ɗan lokaci. Sau da yawa wasu 'yan bawul biyu na lantarki masu daidaita matsin mai ne suka gaji, gyaransu bai kai sauya giyabos ba. Amma ba shi da sandar auna mai, ana auna shi ne ta ƙasa a wani zafi na musamman, kuma mansa LT 71141 ne. Bakaniken da bai san wannan ba zai ƙarasa shi.

Na uku wuta. Ƙirar da aka sabunta daga 1999 tana da akwatin BSI, wanda fitilu, makullan ƙofa, abin share gilashi da makullin tayar da mota duk ta cikinsa suke bi. Batir mai rauni kaɗai ya isa ya sa ta riƙa nuna cututtukan da babu su. Ba a cire kan batir da zarar an kashe ta, sai an jira kamar minti uku akwatin ya kwanta. Ba a wanke injinta da ruwan matsi. Kuma makulli da BSI da birenbos a ɗaure suke da lambar sirri ɗaya, in ɗaya ya lalace ba a ɗauko na wata mota a jona kawai. Yawancin 406 da suka zama gawa a gareji ba inji ne ya kashe su ba, riwaya, mai gyaran wutar mota, ne ya yi ta yanka waya yana haɗawa har aka rasa kan zaren. Tana buƙatar mai na'urar Peugeot ta musamman, irin su Lexia ko Diagbox. A Kaduna da Kano da Jos da Zariya akwai tsofaffin hannu da suka san ta ciki da waje. A garin da babu su, arahar tata ba ta da amfani.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Corolla 1.8 | Camry 2.4 | Accord 2.4 | 406 2.0 |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mafi tsada | Tsaka-tsaki | Ƙasa da Camry kaɗan | Mafi sauƙi |
| Saurin sayarwa | Nan take | Da sauri | Sai an ɗan jira | Sai mai sonta |
| Shan mai | Kaɗan | Matsakaici | Matsakaici | Matsakaici |
| Tanki | Lita 50 | Lita 70 | Lita 65 | Lita 70 |
| Taimin | Sarƙa | Sarƙa | Sarƙa | Bel |
| Bakin mai | 5W-30 | 5W-30 | 5W-20 | 10W-40 |
| Man giyar otomatik | T-IV | T-IV | Z1 ko DW-1 | LT 71141 |
| Samun mai gyara | Ko'ina | Ko'ina | Yawancin garuruwa | Manyan garuruwa |
| Haƙuri da sakaci | Sosai | Da dama, ban da zafi | Kaɗan | Kaɗan |
| Babbar ɓarna | Sayen wadda ta gaji, sata | Zaren ƙusoshin kan inji | Bol join, giyabos | Bel, BSI, AL4 |
| Faɗin ciki | Matsattse | Mafi faɗi | Mai faɗi | Mai faɗi |

Ranar dubawa

Wannan jadawali yana magana ne kan ƙira, kai kuma mota ɗaya tak za ka saya, da tarihinta. 406 da ta zauna a hannun mutum ɗaya mai kula ta fi Corolla da ta yi shekara biyar tana haya. Je ka gan ta da sassafe kafin a tayar da ita, domin ƙarar sarƙa da hayaƙi da rawar inji duk a sanyi suke fitowa, dillalin da ya ɗumama ta kafin ka zo yana da dalili. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar cek da ta jakar iska da ta ABS dole su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba, an cire ƙwanta ne ko an rufe shi. Tafi da bakanikenka da mai na'urar bincike, duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Buɗe murfin bakin mai ka leƙa, in ka ga baƙin dasƙararren abu ko fari kamar madara, ka bar ta. Ɗaga kafet ka shinshina, motar da ambaliya ta ci ba ta rabuwa da wari da tsatsa a ƙarƙashin kujeru. A leƙa salansa a ga ko an fasa an kwashe indomin da ke ciki, wato abin tace hayaƙi. Harafi na goma a lambar shasin motar Amurka shi ne shekararta, 3 na nufin 2003, 7 na nufin 2007, don ana sauya fitilu da bamba a ƙara wa mota shekara. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin kuɗi ya fita.

Kada ka ƙarar da kuɗinka duka a ciniki. Ware wani kaso, ni ina cewa kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin motar, don juye na farko, man giya, man birki, ruwan lagireto, filogi, da taya in ta tsufa. Ka ɗauka wanda ya sayar maka bai yi ko ɗaya ba.

Wacce ta dace da wa

Ma'aikacin da zirga-zirgarsa cikin gari ce, kai yara makaranta, ofis, kasuwa, kuma iyalinsa ba su wuce mutum huɗu ko biyar ba, Corolla ce tasa in kuɗinsa ya kai mai lafiya. Haka wanda yake zaune nesa da babban gari, da wadda za ta riƙa tuƙa motar ita kaɗai ba ta son tsayawa a hanya, da wanda yake ganin zai iya buƙatar mayar da motar kuɗi cikin gaggawa. In kuɗin bai kai Corolla mai lafiya ba, kada ya sayi gajiyayyiya don suna, ya koma Camry.

Mai babban iyali da ke yawan tafiya gida, wanda ke son faɗi da kwanciyar hankalin Toyota, ya ɗauki Camry mai silinda huɗu, bayan an tabbatar ba ta taɓa zafi ba kuma tamostat ɗinta na nan. A ganina ita ce ta fi dacewa da mafi yawan magidanta, kuma da ita nake fara ba da shawara.

Wanda ke son tuƙi, yake rubuta ranar juye, kuma ba ya jin ƙyashin sayen man kamfani da bol join na gaske, EOD mai silinda huɗu za ta ba shi mota mai kyau a kuɗin da bai kai na Toyota ba. Ƙirar 2006 da 2007 ta fi kwanciyar hankali.

Mai ƙaramin jari da ke Kaduna, Kano, Zariya ko Jos, wanda ya iya giyar hannu, yake yawan doguwar tafiya, kuma ya riga ya san bakaniken Fijo da riwayan da zai riƙe, 406 mai giyar hannu ba za ta ba shi kunya ba. Otomatik ɗinta sai wanda ya san AL4 tun da.

Masu V6 kuwa, na Camry ko na Accord, dillali zai ba ka su da rangwame, kuma rangwamen yana da dalili. Suna shan mai fiye da masu silinda huɗu, filogi uku na baya sun fi wuyar kaiwa, kuma bel ɗin taimin suke da shi, na Toyota a mil 90,000, na Honda a mil 105,000 ko shekara bakwai. Na Honda in ya tsinke yana lanƙwasa bawul. Sai wanda yawancin tafiyarsa babbar hanya ce, kuma kuɗin mai ba ya taɓa cefanen gidansa.